Rumbun bayanan yara da Ingila ta rufe a 2010: kuskure aka yi ko daidai ne?

Maman Ihsan ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, daga aikin dare na dawo kuma barci ya ƙi zuwa.

Ni nas ce a ɓangaren gaggawa na wani asibiti a arewacin Ingila. Shekarata huɗu a nan, bayan tara da na yi a gida. Zan sauya wasu abubuwa a labarin saboda amanar aiki. Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare wata mata ta shigo da yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba, da ƙuna a bayan hannunta na hagu. Ta ce ruwan shayi ne ya zubo mata. Matar 'yar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma, amma ba Bahaushiya ba ce. Ta ce yarinyar 'yar yayarta ce, wata uku ke nan da kawo ta. Ita ƙunar za ta iya zama ta shayi, ban musa ba. Ƙafar yarinyar ce ta tsaya mini a rai. Silifa ce ta roba, babu safa, a tsakiyar Janairu, alhali matar tana cikin kwat mai kauri da takalmin sanyi har ƙwauri. Kuma duk tambayar da na yi wa yarinyar, sai ta ɗaga kai ta kalli bakin matar, matar ce za ta amsa.

Muna da wani tsari a kwamfuta da ake kira CP-IS. Kana sa lambar NHS ta yaro, wato lambarsa ta hukumar lafiya ta ƙasa, in yana cikin waɗanda 'yan soshiyal, wato ma'aikatan walwalar yara na ƙaramar hukuma, suka sa a tsarin kariya, ko yana hannun hukuma, sai alama ta fito maka, su ma can a sanar da su cewa yaronsu ya zo asibiti. A kan wannan yarinya ba abin da ya fito. Ba a yi mata rajista da likitan unguwa ba, makaranta kuma matar ta ce ana kan nema. Na gaya wa likita, ya kira mai jiran dare na 'yan soshiyal, aka ce za a bi da safe. Na cike takardar rahoto, muka wanke ciwon muka naɗe, suka tafi.

Da muka zauna shan shayi, wata tsohuwar nas Baturiya da ta kusa ritaya ta ce da can an taɓa yin rumbun bayanai guda mai ɗauke da sunan kowane yaro a Ingila, ContactPoint, gwamnati ta kashe shi a 2010, kuma da yana nan da na ga ko akwai wanda ya san yarinyar. Wata kuma ta ce Allah ya raka taki gona, ɓarnar kuɗi ce kawai. Yanzu kuma ina jin ana batun ba kowane yaro lamba guda.

Don Allah waɗanda suka riga mu zuwa ƙasar nan, me ya sa aka rufe shi? Kuma me aka kawo a madadinsa da zai kama yarinya irin wannan, wadda ba ta cikin littafin kowa?

Baba Ɗanjuma ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da aiki. Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi shekara 22 ina aikin soshiyal a ɓangaren yara kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma ina cikin waɗanda aka ba izinin shiga rumbun nan. Bari in faro miki daga tushe, don silifar da kika ambata ta tuna mini da yarinyar da saboda ita aka gina shi.

Sunanta Victoria Climbié, 'yar Abobo ce a gefen Abijan, ƙasar Kwaddibuwa. Wata 'yar'uwar kakanninta, wadda mu a Hausa kaka za mu kira ta, Marie-Thérèse Kouao, ta je ta karɓe ta riƙo a kan za ta sa ta a makarantar Turai. Iyayen suka ba da ita da farin ciki, kamar yadda kowa a cikinmu zai bayar. Ta kai ta Faransa, daga nan Landan a watan Afrilu 1999, da fasfon wata yarinya daban, shi ya sa duk takardun hukuma Anna suka san ta. Ranar 25 ga Fabrairu 2000 ta rasu tana da shekara takwas. Likitan da ya duba gawar ya ƙirga raunuka 128. A watanninta na ƙarshe a bahon wanka take kwana, ɗaure cikin ledar shara, a banɗakin da ba a hura masa ɗumi. An yanke wa matar da saurayinta Carl Manning ɗaurin rai da rai a 2001.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, Victoria ba ɓoyayyiya ba ce. Ƙananan hukumomi huɗu na Landan sun san da ita: Ealing, Brent, Haringey da Enfield. Asibiti biyu sun kwantar da ita a watan Yuli 1999 kaɗai. A na farko aka ce ƙazuwa ce aka sallame ta. A na biyu ta zo da ƙunar ruwan zafi a kai da fuska, ta yi kusan mako biyu, aka sake miƙa ta ga matar. 'Yar sandar da ya kamata ta je duba gidan ba ta je ba, wai tana tsoron ɗaukar ƙazuwa. Ma'aikatan da suka fara ganinsu sun lura matar fes-fes, yarinyar kuwa kaca-kaca. Sun gani, wasu ma sun rubuta. Ma'aikaciyar soshiyal ta Haringey da aka ɗora wa lamarinta sabuwar hannu ce, tana riƙe da fayil 19 a inda ƙa'idar ofishinsu ta ce kar a wuce 12. Sau huɗu ta ga yarinyar, in an haɗa duka bai kai rabin awa ba, maganar ma da ƙyar ta wuce gaisuwa. Yarinya mai jin Faransanci, ba a taɓa zaunar da ita a natse an ji ta bakinta ba. Ba ta taɓa taka makaranta a Ingila ba. Wanda ya yi abin da ya kamata a ƙarshe direban tasi ne, da ya ga halin da take ciki ya wuce da su tashar motar asibiti. A ranar da ta cika, a ranar ce Haringey ta rufe fayil ɗinta.

Lord Laming ya yi bincike, rahotonsa ya fito a Janairu 2003 da shawarwari 108, ya lissafa aƙalla sau 12 da za a iya ceto ta. Ɗaya daga cikin shawarwarin shi ne a duba yiwuwar rumbu na ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin Labour ta ɗauki wannan da hannu biyu, ta sa shi a Dokar Yara ta 2004. Aka kashe fam miliyan 224 wajen gina shi, aka ƙiyasta fam miliyan 41 duk shekara wajen tafiyar da shi. Yara kusan miliyan 11 ne a ciki, duk wanda bai kai 18 ba. A 2009 aka fara da ƙananan hukumomi 17 na arewa maso yamma.

Kar ki ɗauka fayil ɗin yaro ne a ciki. Littafin adireshi ne: suna, ranar haihuwa, gida, iyaye, makaranta, likitan unguwa, sai sunan duk ma'aikacin da ke hulɗa da yaron da lambarsa. An tantance mu, aka yi mana horo, aka ba kowa wani ɗan abu mai fitar da lambobi irin wanda banki ke bayarwa. Nawa a jikin makullin motata yake rataye. Ba zan ci amanarsa ba, sau ɗaya ya yi mini rana. Wani yaro da uwarsa ta yi ƙaura da shi daga wani gari, cikin minti biyu na samo sunan nas ɗin da ke bin su gida tun jego, abin da a da sai in kwana biyu ina buga waya ana jefa ni daga wannan tebur zuwa wancan. Sauran lokutan kuwa, yaro guda ya fito sau biyu da rubutun suna daban, ko adireshin gidan da suka bari shekara uku da suka wuce. Sunayenmu ma sun fi shan wahala. Muhammad kaɗai a rubuta shi iri biyar.

Gwamnatin haɗaka ta Conservative da Liberal Democrat ta hau a Mayu 2010, dukkansu sun yi alkawarin soke shi tun a yaƙin zaɓe, tare da katin shaidar ɗan ƙasa. Ranar 6 ga Agusta 2010 da tsakar rana aka kashe shi, aka ba da umarnin goge bayanan. Tim Loughton ne ministan yara a lokacin.

Ra'ayina, ban yi kukan rufe shi ba. Ki tambayi kanki: da yana nan a 1999, wane suna za a buga? Anna. Kuma me zai nuna? Cewa mutane da yawa sun san ta, abin da su ma sun sani. Sannan ga Peter Connelly, wanda jaridu suka kira Baby P, a Haringey ɗin dai. Ya rasu a Agusta 2007 yana da wata 17. Sunansa na cikin rajistar kariya, ma'aikata sun gan shi sau 60 cikin wata takwas. Hausawa na cewa allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Yaran da ke cikin tsarin kariya a Ingila wajen 50,000 ne. Kana neman su a cikin kwano da ƙyar, sai aka ce a juye su cikin tafkin miliyan 11. Fam miliyan 41 kuwa, in ka ƙaddara kowane ma'aikaci zai ci 40,000 a shekara, ma'aikata dubu ke nan da za su iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Injiniya Sani ya amsa:

Baba ya gama magana ta ɓangarensa, ni bari in ƙara ta wajenmu masu gadin kwamfuta.

Yaya Maman Ihsan, abin da ya kashe rumbun nan a zuciyar mutane ya faru tun kafin a kunna shi. A Oktoba 2007 wani ƙaramin ma'aikaci a hukumar haraji ta HMRC ya kwafe bayanan masu karɓar kuɗin tallafin yara a faifan CD biyu, ya sa a ambulan ya aika Landan ba tare da rajista ba. Ba su isa ba. Mutum miliyan 25 ne a ciki, da adireshi da lambar asusun banki. Shugaban hukumar ya ajiye aiki, faifan kuma har yau shiru. To a wannan yanayi ne za ka ce wa iyaye ku ba mu sunan kowane yaro da makarantarsa, za mu buɗe wa mutum 390,000 su riƙa dubawa. Mu a aikinmu, sirrin da mutum 390,000 ke da makullinsa, sunansa sanarwa. Ba sai ɗan dandatsa ya fasa ba. Ya isa a ce mutum ɗaya a cikinsu ƙanen wani miji ne da matarsa ta gudu da yara saboda duka.

Su ma sun san da haka, shi ya sa suka ƙirƙiro hanyar lulluɓe adireshin wasu yara. Da aka ji cewa 'ya'yan manya da fitattun mutane na iya samun wannan lulluɓi, sai talaka ya ce ashe ku ma ba ku yarda da shi ba. A Maris 2009 kuma gidauniyar Joseph Rowntree Reform Trust ta fitar da rahoto kan rumbunan gwamnati 46, ta sa ContactPoint cikin waɗanda ta ba jan kati, wato a soke ko a sake gini daga tushe.

CP-IS da kike amfani da shi ya fi mini hankali. Yara ƙalilan ne a ciki, ma'aikatan lafiya ne ke gani, kuma duk wanda ya duba sai ya bar sawu.

Malama Hadiza ta amsa:

Baba, da girmanka, a nan kam ban bi ka ba. Injiniya kai ma haka.

Ni malamar firamare ce, kuma ni ce mai kula da lamuran kariyar yara a makarantarmu. Kun amsa tambayar da ba ita aka yi ba. Maman Ihsan ba ta tambaya a kan yaron da kowa ya sani ba. Yarinyar da ta gani ba ta da likita, ba ta da makaranta, ba ta da ma'aikaci. CP-IS da Injiniya ke yabo ba zai taɓa nuna ta ba, don sai an riga an gano yaro ake sa shi a ciki. Amfanin rajistar kowa da kowa shi ne gurbin da ba a cike ba. Ka buga suna ka ga layin makaranta fayau, layin likita fayau, wannan kansa labari ne.

Ku dubi Sara Sharif a Woking, wani gari kusa da Landan. Shekararta goma. Malamanta sun ga tabo a fuskarta a Maris 2023, suka kai rahoto, cikin kwana shida aka rufe maganar. A Afrilu uban ya cire ta daga makaranta, ya ce a gida za a koyar da ita. Daga ranar, idanun da ke ganinta kullum da safe suka rufe. Ranar 10 ga Agusta aka tsinci gawarta, uban da matarsa sun riga sun tsere Pakistan. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ma'aikatan ƙaramar hukuma sun je duba ta ana gobe za ta rasu, suka je tsohon gidan da iyalin suka bari, don ba a gyara adireshin a kwamfutarsu ba. Baba, ga mai ƙwanƙwasa ƙofa an samu, ƙofar ce ba ita ba. To ka ce mini bayanai ba su da muhimmanci?

Wani abu kuma da ya dame ni, ni da nake sa hijabi kullum: masu gabatar da ƙara sun ce da hijabi aka riƙa rufe raunukanta. Mu da muka san abin, mu ya kamata mu iya tambaya ba tare da jin nauyi ba, tunda abokan aikinmu Turawa tsoron a ce musu masu wariya yake sa su yi shiru.

Ranar 17 ga Disamba 2024, ranar da aka yanke wa uban da matarsa hukunci, gwamnati ta kai ƙudirin walwalar yara da makarantu gaban majalisa. A ciki akwai lamba guda ga kowane yaro da duk hukumomi za su riƙa amfani da ita, akwai rajistar yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma yaron da ke cikin tsarin kariya ba za a cire shi zuwa karatun gida ba sai da izinin ƙaramar hukuma. Shekara 14 bayan an kashe ContactPoint an dawo ana laluben rabinsa. Da gyara shi aka yi maimakon a rushe, da yanzu an wuce nan.

Abu Khalil ya amsa:

Ni dai duk wannan lissafin ba ya kwantar mini da hankali. Kowa a nan ya san gidan da 'yan soshiyal suka shiga saboda yaro ya je makaranta ya ce an ɗaga masa murya. Yanzu a ba su lamba guda da za ta haɗa asibiti da makaranta da 'yan sanda? Ɗana ya faɗo daga keke sau biyu a wata guda, a zuwa na biyu tambayoyin da aka yi mini kamar ɓarawo.

Kuma Maman Ihsan, ki yi haƙuri, silifa ba hujja ba ce. Wata uku da zuwa, wataƙila matar ba ta da kuɗin takalmi ne. Riƙo al'adarmu ce. Ni kaina a hannun ƙanwar babana na tashi a Zariya, ba abin da na rasa. Kar mu zama mu ne masu kai junanmu.

Baba Ɗanjuma ya sake amsawa:

Malama Hadiza, kin kama ni a kan adireshin Woking, na karɓa. Sai dai ki lura da inda kuskuren yake. Ba a rasa kwamfuta ba, wani ne bai gyara layi guda a cikinta ba. Rumbu ba ya cika kansa. In ƙaramar hukuma guda ta kasa riƙe adireshin yarinyar da ta san iyalinta tun kafin a haife ta, wa zai riƙe na miliyan 11? Kuma gurbin da kike cewa zai fito fayau, sai sunan ya shiga tukuna. ContactPoint daga rajistar makarantu da ta NHS da ta kuɗin tallafin yara yake ɗebo sunaye. Yarinyar da ba ta cikin ko ɗaya, kamar ta Maman Ihsan, za ki buga ki ga ba kowa, daidai da abin da ta gani a daren nan. Lamba guda kam ina goyon baya, don ba sabon rumbu ba ne, hanya ce ta gane cewa Muhammad na asibiti shi ne Mohammed na makaranta. Rajistar yaran da ba sa makaranta ma na yarda da ita, tun da daɗewa ya kamata.

Tunda an tambayi abin da aka kawo a madadi, wanda na ga amfaninsa da idona shi ne MASH, wato cibiyar kariyar yara ta haɗin gwiwar hukumomi. A Devon aka fara shi wajen 2010, ya bazu. Ba wata fasaha ba ce, ɗaki ne. Ɗan sanda, nas, ma'aikacin soshiyal da wakilin ilimi suna zaune wuri guda, kowa da kwamfutar ma'aikatarsa. Rahoto ya shigo, sai a juya kujera: kai me kake da shi a kan gidan nan? Ɗan sanda ya ce an kira mu sau biyu bara saboda faɗa. Nas ta ce ba a kawo ƙanenta allurar rigakafi ba. Kafin azahar an san ko yau za a je ko mako mai zuwa. Takardar da kika cike, 'yata, galibi irin wannan ɗakin take faɗawa. A 2010 ɗin ne kuma aka sa Farfesa Eileen Munro ta duba aikinmu gaba ɗaya, rahotonta na Mayu 2011 ya faɗi abin da duk muka sani, cewa cike fom da bin wa'adi sun cinye lokacin da ya kamata mu yi tare da yara. Na sha fita daga gidan da hankalina bai kwanta da shi ba ina duba agogo, don akwai fom ɗin da in bai shiga ranar ba za a ga ja a jikin sunana.

Sikotilan ta gwada wata hanyar, kowane yaro a ba shi mutum guda mai suna, nas ko shugaban makaranta, da zai zama madafa. Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ce a 2016 yadda za a riƙa musayar bayanan ya keta haƙƙin sirrin iyali, a 2019 aka watsar da shirin.

Abu Khalil, ɗana, tsoronka ba na banza ba ne. Na ga inda aka shiga gida da gaggawar da ba ta kamata ba, kuma na ga yadda rashin sanin al'adunmu ke sa a yi wa abu mummunar fassara. Amma ƙanwar babanka da ta riƙe ka a Zariya, a gidan akwai kishiya, akwai kaka, akwai maƙwabciyar da ke shigowa aron turmi ba sallama biyu, ga mai unguwa, ga babanka da zai iya hawa mota ya zo ya gan ka ranar Juma'a. Waɗannan idanun su ne suka sa riƙo ya zama abin alheri. A bene hawa na tara a Ingila, ƙofa a kulle, uwar yarinya na nesa da mil dubu uku ba ta da biza, riƙon ne ya ƙetaro, idanun sun tsaya a gida.

Kuma ku san doka, don da yawanmu na karya ta ba da sani ba. Yaron da bai kai 16 ba, in zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma, su riƙa zuwa suna ganinsa. Dangi na kusa a dokar su ne kakanni, wa ko ya ko ƙane, kawu ko baffa, inna ko gwaggo, na jini ko ta hanyar aure, da mijin uwa ko matar uba. 'Yar'uwar kaka ba ta ciki, ɗan baffa ba ya ciki, aminiyar uwa ba ta ciki. Mu kuwa kowa anti ne. Shi ya sa in mace ta ce miki 'yar yayata ce, sai ki tambaya a hankali, yayar taki ta jini ce, kun haɗa uwa ko uba?

'Yata, tambaya guda zan yi miki, ba don in ɗora miki laifi ba. Kin samu kin keɓe da yarinyar ko na minti biyar, matar na waje?

Maman Ihsan ta dawo:

Baba, ban keɓe da ita ba. Tun da na karanta tambayarka nake juya ta. Na yi niyya, har na ce wa matar ta je ta sa hannu a takarda a tebur, ta ce a kawo mata nan. Ɗakin jira cike yake, ga wani dattijo da ciwon ƙirji, sai na bar maganar. Kuma ko da ta fita, yarinyar ba ta jin Turanci sosai, ni kuma ba na jin yarensu. Muna da layin tafinta na waya, amma lambar tana manne a bango can ofishin sista, ban ma tuna da ita ba.

Abu Khalil, na ji maganarka, kuma ina roƙon Allah ya sa kai ne mai gaskiya. In rashin kuɗin takalmi ne, to zuwan da za a yi zai sa a sama mata makaranta da likita, ba a yi asara ba.

Jiya kafin in karɓi aiki na biya ofishin nas ɗinmu mai kula da kariyar yara. Ashe takardata ta tafi ƙaramar hukumar da asibitin yake, adireshin da matar ta bayar kuwa a ƙarƙashin wata yake, titi biyu tsakani. Kwana biyu tana zaune a can. A gabana ta ɗaga waya ta kira ɗakin da Baba ya kwatanta na waccan hukumar, ta ƙi ajiyewa sai da aka ba ta sunan wanda zai je da ranar da zai je. Ta kuma ce su tafi da tafinta, su tambayi yadda dangantakar take. Abin da za su tarar ba lallai a gaya mini ba, haka tsarin yake.

Malama Hadiza, in babu damuwa zan turo miki saƙo ta gefe a kan yadda ake nema wa yaron da ya zo tsakiyar zango gurbin makaranta, don in san abin da zan gaya wa iyaye in sun ce ana kan nema. Lambar tafintan kuma na kwafe ta a bayan katin aikina, na sa salatif a kai. Yau ma ina da dare, ƙarfe bakwai da rabi zan fita.